Bitar kwana uku kan dabarun bincike: abin da ya rage a hannuna

Wata guda ke nan da na halarci wata bita ta kwana uku kan dabarun bincike, wadda wata ƙungiya ta shirya a wani otal a Unguwar Rimi. Da gangan na yi shiru sai yanzu, don ranar rufewa kowa yabo yake yi, an ci an ƙoshi, ga satifiket a hannu.

Ranar farko kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Malamar da ta koyar da KoboToolbox, wato tsarin tattara bayanan bincike ta waya, ko majigi ba ta kunna ba. Ta ce kowa ya fito da wayarsa ya sauke KoboCollect, manhajarsa ta waya, muka tsara tambayoyi goma, har da dabarar nan da idan mutum ya ce ba shi da shago, tambayar kuɗin haya ta ɓace da kanta. Daga nan ta kora mu bakin titi mu gwada a kan masu shayi da 'yan Keke. Na koma wajenta ina ƙorafin datata ta ƙare, ta yi dariya ta ce, "Malam, ai ba ya buƙatar intanet sai lokacin turawa." Makon jiya da shi na zagaya Kasuwar Barci ina tattara bayanan kundina na digiri na biyu, ban ɗauki takarda ko ɗaya ba.

Zotero ma, na adanawa da tsara manazarta, ya zauna mini. Kyauta ne, kuma ya raba ni da rubuta manazarta da hannu a tsarin APA.

A kan SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, aka yi mana sakiyar da ba ruwa. Malamin da ya koyar ya san abinsa, amma awa huɗu yana karanto allo, mu muna kallo. Manhajar ta kuɗi ce, yawancinmu ba mu da ita a kwamfuta, ba kuma wanda ya ce mu zo da ita. Da jamovi aka kawo, wata manhajar mai irin wannan aiki wadda ba a biyan ko sisi, da kowa ya taɓa da hannunsa. Yau ka ba ni alƙaluma ka ce in fitar da dangantakar abu biyu, sai dai in yi ta zare ido.

Takardar tantancewar da aka raba a ƙarshe ita ta fi ba ni haushi: abinci, sanyin ɗaki, iya maganar malamai, ka zaɓa daga 1 zuwa 5. Ba a gwada mu kafin a fara ba, ba a gwada mu bayan an gama ba, har yau kuma ba wanda ya kira ya ji ko mun yi amfani da wani abu. Ni ma 5 na ba su duka, don ana ta kiran la'asar kuma ina son in riga cunkoson Kawo.