Alƙalamin barkod na HP-41 ya burge ni, mai sayarwar kuwa ya ɓata mini rai

Na daɗe ina aikin awon filaye da kalkuleta samfurin HP-41CV, kuma duk lokacin da ƙwaƙwalwarta ta goge sai na zauna na sake shigar da manhajar lissafina da hannu, maɓalli bayan maɓalli. Wannan wahalar ce ta sa na sayi alƙalamin karanta barkod mai lamba 82153A, wanda kamfanin Hewlett-Packard ya fitar a 1980, shekara ɗaya bayan fitowar HP-41C, samfurin farko a jerin wannan kalkuleta.

Ranar da ya iso na jona shi a ɗaya daga cikin ramuka huɗu da ke saman kalkuletar, na buga barkod ɗin manhajata, wato manhajar a sigar layukan baƙaƙen zane da alƙalamin ke karantawa ya shigar cikin kalkuletar, da firintar gida mai fesa tawada, sannan na danna maɓallin da ke jikin alƙalamin na ja shi a kan layin farko. Ya ƙi karantawa. Na gwada da sauri, na gwada a hankali, na ja daga dama zuwa hagu tunda yana karɓar ko ta wane ɓangare, duk a banza, har na fidda rai na ce kuɗina sun tafi. Sai washegari, da na ƙura wa takardar ido a hasken rana, na ga tawadar ta malala ta cinye farin da ke tsakanin zane da zane. Shi kuwa wannan tsari da faɗin zane yake aiki: siririn zane yana nufin lamba 0, mai kauri kuma lamba 1. Na kai aikin shagon da ke da firintar leza aka sake buga mini a farar takarda marar sheƙi. Ja ɗaya kawai na yi, kalkuletar ta yi ƙara ta nemi layi na biyu. Kowane layi bai wuce bayit 16 ba, wato ɗan bayani kaɗan yake ɗauka, amma aikin da kan cinye mini rabin awa ya ƙare kafin minti biyu, babu kuskure ko ɗaya. Na yi farin ciki ƙwarai ganin na'urar da ta haura shekara 40 tana aiki haka.

Sai dai duk lokacin da na ɗauki alƙalamin raina yakan ɓaci. Mai sayarwar ya rubuta cewa wayar lafiya lau take, alhali ta tsage dab da inda take shiga kalkuleta, an naɗe wurin da baƙin salatif wanda hotunansa ba su nuna ba. Ba waya ce da ake cirewa a sauya ba, don haka idan ta yanke abin ya zama babban aiki. Littafin bayanin da ya yi alkawari ma bai sako ba. Da na yi masa magana, sai bayan mako guda ya amsa cewa tsohon kaya ya gaji haka. Na san tsohon kaya na saya, ɓoyewar ce ta yi mini ciwo. Yanzu ba na fita da alƙalamin wurin aiki, a kan tebur kawai nake amfani da shi don kada wayar ta lanƙwashe, kuma ba zan sake sayen komai a hannun mutumin nan ba.