Mafarkin Yara Cikin Haɗari: Malami ko Likita?

A Katsina, uwar da ta farka a firgice bayan ta ga ɗanta na nutsewa a rijiya cikin mafarki takan nufi malami. Shi kuwa zai tunatar da ita hadisin da ya raba mafarki uku: na Allah, na Shaiɗan, da na zancen zuci, sannan ya umarce ta da tofi sau uku a hagu, neman tsari, juya kwanciya, da kame baki daga ba kowa labarinsa. Likitan ƙwaƙwalwa kuma zai tambayi damuwarta ta rana, ko zazzaɓin yaro ne ko labarin ɗaliban Ƙanƙara da aka sace a 2020. Ni dai na fi karkata ga malami idan mafarkin sau ɗaya ne, amma idan ya riƙa maimaituwa har barci ya gagara, asibiti ya dace.