Wasiƙa daga Jamus: Yadda na haɗa kwamfutar renda

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa, ka tambaye ni yadda na zaɓi kayan kwamfutar da nake renda da ita (wato mayar da zanen 3D ya zama kammalallen hoto), da kuma ko kayan Jamus sun fi na Amurka. Kayan dai iri ɗaya ne, Nvidia ce da AMD da Intel ko'ina ka je. Bambancin yana cikin abin da ke biyo bayan saye.

Da kuskure na fara. Na ɗauki katin hoto mai ma'ajiyar gigabait 12, ina ganin tunda yana da sauri ya wadatar. Ranar da na loda zanen wata unguwa mai bishiyoyi da gilasai a Blender, manhajar zanen 3D, sai ya tsaya cak, wai wuri ya ƙare masa. Ka riƙe wannan da kyau: idan katin ne zai yi lissafin haske da inuwa, ana so zanen duka ya shiga cikin ma'ajiyarsa. In bai shiga ba, ko aikin ya mutu, ko ya koma tafiyar hawainiya. Doka ce ta cece ni. A Tarayyar Turai, abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Na mayar, na ɗauko RTX 4090 mai gigabait 24. Bayan wannan akwai garantin shekara 2 da doka ta ɗora wa mai sayarwa, sai dai a Jamus in an wuce wata 12, kai ne za ka nuna cewa da lahanin kayan ya zo. Abokin aikina da ke Amurka ba shi da wannan gata. Abin da kanti ya rubuta a takardarsa da garantin kamfani, su ne madogararsa.

Na tsaya kan Nvidia ne saboda manhaja. Octane, manhajar renda, a kan Windows katin Nvidia yake nema, Blender kuma ya fi gudu da OptiX, fasaharta ta hanzarta lissafin haske. Firosesa ban wahalar da kaina ba: Ryzen 9 7950X mai ƙwayoyi 16 ya ishe ni. Firosesan Threadripper mai ƙwayoyi 96 na masu renda da firosesa ne. RAM gigabait 64, sai SSD irin NVMe, shi ke nan.

Wuta kuwa kada ka raina ta. Katin nan shi kaɗai yana jan wat 450, RTX 5090 kuma 575, shi ya sa na sa akwatin wuta mai wat 1000. Soket ɗin nan Jamus bolt 230 ne, layi guda yana ɗaukar sama da wat 3,600. Na Amurka 120 ne, layin ɗaki yawanci bai wuce 1,800 ba, don haka abokina mai kati biyu sai ya yi lissafi kafin ya kunna na'urar ɗumama ɗaki. Ni dai da hunturu kwamfutar ce ke ɗumama ni.

Abu ɗaya ya ba ni haushi: allon rubutun Jamusawa ya musanya Z da Y. Sati guda ina neman goge kuskure da Ctrl+Z yatsana na faɗawa wani wuri, har na yi odar na Turanci.

Turo min zanenka mafi nauyi in gwada a nan, mu ga gigabait nawa yake ci kafin ka sayi komai.