Tsohuwar katangar bulo mai ado: a toshe, a liƙa dutse ko a yi fenti?

Duk wanda ya gaji tsohon gida a Jos, musamman ginin shekarun 1960 da 1970, ya san katangar lambun nan ta bulo mai huda-huda, wadda magina ke kira fansi. Yawancinsu yanzu sun yi baƙi, gansakuka ta kama gindinsu, wasu bulullukan sun tsage. Aikin ruwan Jos ne, wanda ake tafkawa daga Afrilu zuwa Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara.

Da ka kira birkila, abin da zai fara ce maka shi ne, "Alhaji, a toshe ramukan a yi filasta kawai." Kada ka yarda. Bulon ado siriri ne, kuma ba a haƙa tushensa don ɗaukar nauyi ba. In ka cika shi da siminti ka ƙara masa kaya, ka kuma tare wa iska hanya, daga nan katanga ta soma karkata. Tayil bai ma cancanci dogon magana ba, ruwa na shiga bayansa zai ɓamɓare. Rushewa kuwa sai in ginshiƙan sun riga sun rabu da tushe. Dutsen Filato yana da kyau, ga shi a kusa, amma a ginshiƙi kawai ya dace.

Ni dai abin da na fi so shi ne a bar mata ramukanta, a gyara, a yi fenti. Ramukan nan su ne kyanta: iska na ratsa lambu, shuka na samun haske, ruwa ba ya daɗewa a jikinta. A fara kankare ta da burushin waya, a wanke gansakukar da ruwan bilic, a ɗauraye. Bulon da ya fashe a ciro guda a kai wa masu buga bulo su nemo irinsa, domin zanen da ba iri ɗaya ba daga nesa ake gane shi. A cike tsagu da kwaɓi mai ƙarfi, kwanon siminti 1 da na yashi 4, a riƙa ba shi ruwa har kwana 7. Sai kuma abin da mutane ke tsallakewa: a ɗora wa katangar hula ta kankare mai ɗan gangare, wadda ta ɗan zarce faɗinta, don ruwan sama ya daina sauka cikin bulon. Sabon siminti yana son kamar mako 4 kafin fenti, shi ya sa Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin aikin. Fentin ruwa na waje za a sa, shafi biyu bayan na share fage. Fentin mai yana kulle danshi, ya yi ƙuraje ya saluɓe.

To, wajen fentin nan ne ake cin amanar mutane. Wani mai fenti ya taɓa kawo mini bokiti mai lita 20 ɗauke da sunan babban kamfani, ashe tsohon bokiti ne aka ɗura wa haɗin gida. Kafin damina ta raba, farin ruwa na bin katanga yana sauka kan furanni. Ka je da ƙafarka wurin dillalin da kamfani ya amince da shi. Duba bakin murfi ko an taɓa ɓalle shi, duba lambar da aka buga da ranar da aka yi shi, ka karɓi rasit. In an buɗe ka ga ruwa tsululu a sama, ko ya bushe ka shafa ya bar gari a tafin hannunka, mayar da shi. Ko da na gaskiya ne, a tsarma shi a gabanka, domin akwai mai mayar da bokiti ɗaya biyu ya tafi da ragowar. In an gama, ka huda bokitan kafin su bar gidanka, da su ake cutar na gaba.

Siminti ma haka. Buhu kilo 50 ne, amma akwai masu farke shi su rage su sake ɗinkewa, ko su niƙe wanda ya daskare su zuba a sabon buhu. Dubi ɗinkin bakin, ka danna buhun ta kowane gefe. In ka ji dunƙule, bar shi. Sabon bulon adon kuma ka kankare gefensa da ƙusa tun a wurin masu bugawa, in yashi ya zubo kada a loda maka shi a mota.