Gindin garmaho: katakon Jamus mai danƙo ko falankin kasuwa?

Malam, ka ce ka gaji garmaho samfurin Garrard 401 daga wurin mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, amma gara ta cinye rabin akwatin da yake zaune a ciki. Ɗanka da ke karatu a Jamus kuma ya ce kada ka ɓata lokaci da katakon kasuwar Marwa, akwai wani da ake kira Panzerholz wanda ya fi kowanne. Kana tambaya tsakaninsa da falanki mai hawa-hawa wanne za ka zuba wa kuɗi. Na taɓa aiki da su biyun a nan Garwa, Panzerholz ɗin guntu ne kawai, falankin kuwa shi ke ƙarƙashin nawa garmahon har yau.

Sai an fara sanin aikin gindin, wato akwatin da garmahon ke zama a ciki, kafin a yi maganar katako. Allura tana taka faifai da nauyin da bai wuce giram biyu ko makamancin haka ba, tana karanta lanƙwashe-lanƙwashen da ido ba ya gani. Ba ta da wayon rabe jijjigar waƙa da jijjigar inji, duk abin da ya motsa ta sai ta kai wa lasifika. To irin naka, wanda aka fara ƙerawa a Ingila a 1965, injinsa babba ne mai ƙarfi, kuma wata 'yar tayar roba ce ke haɗa shi da farantin da ake ɗora faifai a kai, kai tsaye, ba bel ba. Ƙarfin nan shi ya sa ake son sa, shi ne kuma ke kawo ƙugin da kake ji a tsakanin waƙa da waƙa. Ana so gindi ya shanye wannan jijjiga kafin ta zagaya ta iso hannun allura.

Yaron bai yi maka ƙarya ba. Panzerholz kamfanin Delignit ne ke yin sa a garin Blomberg. Ana fere wata bishiyar Turai mai suna bic falle-falle, a jiƙa fallayen da danƙon fenol, a jera su, a danne da zafi da matsi mai tsanani har su koma dunƙule guda. Ma'anar sunan da Jamusanci katakon sulke, don da shi ake yin bango da ƙofofin da ke tare harsashi. Danginsa ne aka fara ɗaurawa ƙarƙashin motocin tseren Formula 1 a 1994. Kamfanin Clearaudio na Jamus ma yana sa shi tsakanin fallen alminiyom biyu a garmahonsa masu tsada. Guntun da aka kawo mini bai fi tafin hannu biyu ba. Na jefa shi cikin bokitin ruwa yara suna kallo, ya nutse zuwa ƙasa kamar dutse, don nauyinsa ya kusa ninki ɗaya da digo huɗu na nauyin ruwa. Na ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, sai wani “dif” gajere, ya mutu nan take. Falanki kuwa in ka ƙwanƙwasa, “kwal” yake yi, da ɗan wutsiyar amo a baya. Wannan wutsiyar ita ce bambancinsu a wajen sauti, kuma Panzerholz ne ke gaba.

Akwai kuma inda ya ƙara fin falanki, wato yanayinmu. Da hunturu leɓe ma tsagewa yake, da Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 40, sai Agusta ta zo ƙofar ɗaki ta kumbura ta ƙi rufuwa. Katakon da danƙo ya cike ƙofofinsa ba ya shan laima sosai, don haka ba ya wannan kumburi da motsewa.

To amma mu zo ga lissafi. Gindin da zai ɗauki 401 da hannunsa zai kai kamu santimita 50 da 45, kauri kuma a ce 9. Da Panzerholz wannan ya doshi kilo 28 kafin a yanke ramin inji. Da falanki bai fi kilo 12 ko 13 ba. Kilo 28 ɗin nan sai ya sauka Duwala, ya wuce hannun kwastan, ya hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundere, sannan ya kamo hanyar Garwa zuwa Marwa. Kuɗin dakonsa kaɗai zai sa ka yi tagumi, ga shi dama shi kansa da tsada a can. In ya iso kuma, wa zai yanka? Kafintan da na kai wa guntun nawa gwani ne, amma da ya ɗora masa ƙarfen huji na katako, kafin ya yi nisa ƙarfen ya yi zafi, hayaƙi mai ɗaci ya tashi, bakin ya dakushe. Sai da muka koma wurin mai aikin ƙarfe, aka huda shi a hankali aka yi masa zare kamar yadda ake yi wa ƙarfe. Ƙusa ba ta shigarsa. Zarto sai mai haƙoran kabayid, kuma dole a rufe hanci saboda ƙurar danƙon. Ramin 401 ba murabba'i ba ne, yana da lunguna da lanƙwasa. In hannu ya kauce sau ɗaya a kan falanki, sai a koma kasuwa a sayo wani. In ya kauce a kan wancan fa?

Falanki shi ma ba kanwar lasa ba ne. Kowane falle an gicciye shi a kan ɗan'uwansa, shi ya sa ba ya karkacewa kamar katako ɗanye. In ka yanka guda biyar masu kaurin milimita 18 ka manne su da farin gam, ka sami santimita 9, kuma kowane layin gam yana rage jijjigar da za ta ratsa. Daɗin abin, kowane hawa ana yanka masa raminsa daidai da abin da zai shiga, na sama babba, na ƙasa ƙanana, ba a bar kogo mai faɗi da zai riƙa amsa amo kamar ganga ba. Nawa da muka manne, buhun siminti biyu muka ɗora masa ya kwana biyu. Matsalarsa ɗaya, na kasuwa iri-iri ne. Ka sa a juyo maka gefensa ka duba da idonka: in ka ga ramuka tsakanin fallaye, ko ya yi maka sakayau a hannu, bar shi. Nemi mai fallaye da yawa sirara, mai nauyi. Ka ajiye shi a ɗakin da zai zauna kamar mako biyu kafin a yanka, bayan an gama kuma a shafe shi da fanish ko'ina, har cikin ramin, don ta gefen da aka bari tsirara laima ke shiga.

MDF, wato garin katakon da aka matse da gam, kada ma ka fara. Damina ɗaya ya sha ruwan shara zai kumbura kamar burodi, sukuru kuma ya daina kama shi. Maɗaci da kirya suna da kyan gani da nauyi, amma dunƙulen katako yana motsi da yanayi, har ya tsage da hunturu. In kana son kyansu, sa a fere siriri a yi wa falankin riga.

Da ni ne kai, Malam, gindin falanki zan yi, in ce wa yaron ya saka guntun Panzerholz cikin jakarsa in zai zo hutu, mai kamu santimita 15 da 15, kauri biyu ko uku, wanda bai kai kilo ɗaya ba. Garrard 401 ba ya zuwa da hannu a jikinsa, a kan wani allo daban ake dasa hannun, kuma allon nan shi ne ƙofar ƙarshe da jijjiga ke bi ta kai ga allura. Nan ne guntun nawa yake. Na ji bambanci, kiɗan ya ɗan ƙara tsabta, amma gaskiya ba irin wanda zai sa maƙwabci ya leƙo ya tambaya ba.

Yaron ya kuma haɗo maka da sabuwar tayar roba da sabuwar allura. Robar da ta shekara hamsin tana shan zafin Marwa ta riga ta ƙandare, kuma ƙandararriyar taya tana kawo ƙugin da babu katakon da zai shanye shi. Ka ciro sandar tsakiyar farantin ka wanke tsohon man da ƙura ta daskarar, ka zuba sabo. Sannan kada ka ɗora garmahon a tebur ɗaya da lasifika. Sa maƙeri ya kafa maka kanta a jikin bangon siminti, ka auna ta da ma'aunin ruwa na magina ta zauna daidai.