Imel ɗin jami'a a waya: manhaja ko Chrome?

Ɗan yayata da ke karatu a Akoka, Legas, ya same ni a shago a Agege, wai kawu a saka masa imel ɗin makaranta a waya. Hanya biyu na nuna masa.

Ta farko ita ce manhaja. In jami'ar tana kan Google Workspace, wato tsarin imel na Google, sai ka buɗe Gmail, ka taɓa hotonka da ke sama, ka ƙara asusu. In Microsoft 365 ce, Outlook ta fi sauƙi, kodayake Gmail ma tana karɓar Exchange, wato tsarin imel na Microsoft. Saƙo na shigowa waya za ta yi ƙara, ko kana maƙale cikin danfo a Oshodi. Sai dai wasu makarantu kan ce sai ka sa wa allo makulli kafin asusun ya zauna, ga kuma manhajar na cin wuri a waya.

Ta biyu, ka shiga shafin imel ɗin ta burauzar Chrome kawai. Ba ka sauke komai ba, ta dace da wayar aro, amma ba mai sanar da kai an turo jadawalin jarrabawa, sai in ka leƙa.

Yaron nan akwai mantuwa, don haka manhajar na saka masa.