Wata tara ina zuba wa baƙi tuwo a akushi

Gidan abincina ba babba ba ne, tebur takwas ne da tabarmi biyu a ɗaki na ciki, a nan Kano. Abin da ya sa na koma akushi kuwa wani dattijo ne da ke zuwa cin tuwon dawa duk Juma'a. Ran nan ya ɗaga malmalar da aka naɗe a leda, ya ce, "Hajiya, tuwon nan gumi yake yi kamar ya yi gudu." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Guda 30 na saya. Ashirin daga Kasuwar Kurmi, wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake ciniki a cikinta, kuma har yau in kana neman kayan sassaƙa da ƙwarya da faifai can za a tura ka. Sauran goman wani mai yawon talla ne ya kawo mini har ƙofa, suna ta ƙyalli, kuɗinsu bai kai na Kurmi ba. Araha ba ta ado, na sani, amma ƙyallin ya ruɗe ni. Ashe fentin katako ne aka shafa musu, na ajiya a falo ne don kallo. Da tuwo mai zafi ya sauka a ciki sai wari ya tashi kamar shagon kafinta. Yanzu goro da dabino nake zubawa a cikinsu.

Na Kurmi su ne akushin gaske. Baƙaƙe, masu nauyi, an babbake bayansu da wuta. Mai sayarwar ya ce in ɗaga kowanne in ƙwanƙwasa: busasshen ice amsawa yake yi rau, ɗanye kuwa dum. Ya ce in duba ta haske ko akwai tsaga ko hudar ƙwaro, in kuma shafa cikin da hannu, inda ya yi kaushi nan abinci zai maƙale. Duk da haka biyu sun wuce ni.

Ta fuskar tuwo ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Ice ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin saki, don haka malmala takan jima da ɗuminta, yaron da ya ɗauko kuma ba ya ƙona hannu kamar da kwanon silba. Danshin da leda ke tarawa, ice shanye shi yake yi. A rufe da faifai kawai. Tuwon shinkafa ma ya fi kyan gani a baƙin akushi, matasa sai sun ɗauki hoto kafin su wanke hannu.

Miya ce matsalar. Kuka da kuɓewa da sauƙi, amma taushe mai manja ta rina mini guda huɗu, kuma ƙanshin daddawa in ya shiga ice ya samu wurin zama. Gishiri da lemun tsami suna rage shi, ba sa kore shi duka. Na haƙura, miya ta koma tangaran.

Wahalar gaske tana wajen wanke-wanke. Yarana sun saba tara kwanuka a baho su jiƙa har a tashi. Akushi ba ya son haka: ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, daga nan sai tsagewa. Dole a wanke shi nan take da soso da ɗan sabulu, a ɗauraye, a goge, a jingine a inuwa inda iska ke ratsawa. Wata yarinya ta shanya mini su a rana cikin hunturu, da niyyar alheri, uku suka dare kafin la'asar. Da damina kuma fumfuna ce ke kama wanda aka kife da lema. Duk mako biyu muna shafa musu man kaɗe kaɗan, a bari ya kwana, a goge. Na fara da man gyaɗa, sai ya riƙa danƙo yana warin tsohon mai.

Wanda ya tsage ba na lallaɓa shi, domin abinci na ɓuya a tsagar inda soso ba ya kaiwa, kuma ba na son doguwar magana da 'yan duba-gari. Cikin ashirin ɗin, sha huɗu ne ke aiki yanzu. Ga mai sayar da abinci a tasha, inda ake wanke kwano ɗari a awa guda, ban ba da shawara ba. Ni dai na sa a sassaƙa mini wasu goma, masu ɗan zurfi, kuma na ce wa masassaƙin kada ya yi gaggawa, ya bar icen ya bushe ko da zai kai bayan Sallah.